Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Likitocin Gaɓɓai

 

Maganata kan masu amosanin gaɓɓai ce, irin wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓɓan mai ita. Kukan rubuta musu metotirezet, sau ɗaya a mako, amma da wuya a gaya musu cewa sai an yi mako 6 zuwa 12 kafin a ji sauƙi. Gwaggona ta sha na mako 3. Yatsunta na nan a sandare da asuba, ga tashin zuciya, sai ta ajiye shi ta koma wa diklofenak na kemis, wanda zafi kawai yake kashewa, ɓarnar gaɓɓan kuwa tana ta ci.

Don Allah ku riƙa yi musu bayani da Hausa, ku haɗa musu da folik asid, ku rubuta musu ranar gwajin hanta.