Baƙo a Tsare da Ƙofar Alƙali a Amurka

A ƙasar Amurka, idan ma'aikatan shige da fice suka kama baƙo, ko don wa'adin zamansa ya wuce, ko don wani tsohon laifi, sukan tsare shi har a yanke maganar korarsa. Alƙalin da ke duba korar ma'aikacin gwamnati ne, ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Gwamnati kuwa ba ta ɗaukar wa baƙo lauya, domin ga dokarsu wannan tsarewa ba horon laifi ba ce.

Ƙofar da ta rage masa ita ce kotun tarayya, ta hanyar wata tsohuwar ƙara da suka gada daga Ingila, ana ce da ita habiyas kofas. Manufarta, mai tsare mutum ya kawo hujjarsa gaban alƙali, in babu hujja a sallame shi. Tsarin mulkinsu bai yarda a dakatar da ita ba sai lokacin tawaye ko farmakin abokan gaba.

Wani mutum, Kestutis Zadvydas, an haife shi a sansanin 'yan gudun hijira a Jamus cikin 1948, iyayensa mutanen Lituwaniya. Da aka yanke korarsa, ƙasashen nan biyu duk suka ƙi karɓarsa. Cikin 2001 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 bisa 4, ta hukunta cewa bayan wata 6, muddin babu alamar korar za ta yiwu nan kusa, lalle a sake shi bisa sharuɗɗa.

Amma ƙofar ta yi ta ƙuntata. Cikin 2018 kotun ta ce dokar ba ta wajabta duba belin wanda ake cikin shari'arsa kowane wata 6 ba. Cikin 2022 ta hana ƙananan kotuna ba da umurni guda da zai tilasta duba belin taron fursunoni gaba ɗaya. Sa'an nan cikin 2025 ta jaddada ƙa'idar nan, cewa inda mutum ya ke tsare, can za a kai ƙararsa.

Saboda haka wanda aka kama a Niyu Yok, aka kwashe shi zuwa Luwiziyana, ya yi nisa da danginsa da lauyansa, alƙalinsa ma ya sake. Amma in an shigar da ƙarar tun yana Niyu Yok, alƙalin can ba ya rasa ikonsa a kanta. Hakki yana nan, sai dai jinkirin kwana ɗaya yana iya sauya inda za a neme shi.