Kwalekwale Ne Ko Kayak?

A da bambancin a fili yake. Kwalekwale buɗaɗɗe ne, filafilinsa baki ɗaya. Kayak kuwa na Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara, rufaffe da fatar dabbar teku, filafilinsa baki biyu.

A 1865 wani lauyan Ingila, John MacGregor, ya sa aka ƙera masa rufaffen jirgi mai filafilin kayak, amma ya kira shi kwalekwale. Sai sunaye suka cakuɗe.

Yau kuwa ana ƙera barbarar yanyawa: sama a buɗe, mazauni a ƙasa, filafili baki biyu. Ga sauƙin ɗauka, ga wurin kaya. A tafki ba laifi. Amma wanda suna ya ruɗa ya shiga teku da shi, igiyar ruwa ɗaya na iya cika jirgin fal.