Hatimin Dattijo Ba Ya Mayar da D7 Ya Zama C6

Duk shekara, da zarar Ma'aikatar Lafiya ta fara sayar da fom na makarantun koyon aikin jinya, sai zauren maigidana a nan zangon Kumasi ya cika. Ni nake riƙe masa alƙalami, don haka a gabana ake baje takardu. Uba zai zo, ya kwashi gaisuwa, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya zaro sakamakon WASSCE na 'yarsa: a taimaka da wasiƙa, a buga hatimi, ko Allah zai sa a dube ta.

In na duba, Turanci C5, kimiyya C6, lissafi D7. Sau da yawa lissafin ne.

'Yan'uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Karatun difloma na jinya yana neman aƙalla C6 a Turanci da lissafi da kimiyya, da wasu darussa uku na zaɓi. Haka yake a Korle Bu, haka yake a Tamale. Martabar dattijo tana sasanta aure, tana kashe rigimar fili, amma ba ta shiga kwamfutar WAEC. Masu cewa a kawo kuɗi su canza maki kuwa, haram suke sayarwa, kuma ranar tantance takardu yarinyar ce za ta sha kunya, su suna can.

Hanyar tana nan a fili: jarrabawar Nov-Dec, wadda ɗalibi ke sake rubuta darasin da ya faɗi. Abin da ke hana mu bin ta shi ne gudun a ce 'yar wane tana maimaici. Wannan yana ba ni mamaki. Mu da muka tashi a makarantar allo, wane ne malam ya bari ya wanke allonsa bai biya daidai ba? Ni kaina na yi makonni a kan allo guda, ba wanda ya kira ni daƙiƙi.

Sai dai kuɗin rajista kaɗai ba ya isa. Yarinyar da ke tashi kafin asuba ta dama koko, ta yini a bakin tukunyar wake da shinkafa, yaushe za ta zauna da lissafi? A sauke mata tallan na wata shida. A kuma daina ɗaga mata maganar aure kamar bulala duk lokacin da sakamako ya fito. Tsofaffinmu mata suna kwance a asibiti, suna fama da bayyana ciwonsu cikin harshen da ba su ƙware ba, alhali wadda za ta saurare su da Hausa maki ɗaya ne ya tsare ta.

Uban da ya zo makon jiya, haka na gaya masa a gaban maigida. Ya naɗe takardar, ya yi shiru, can ya ce: "To Malam, wa zai riƙe wa uwarta kokon?" Maigida ya ce ya turo ƙanensa ran Juma'a bayan masallaci, a zauna a kan wannan.