Super Bowl: Ana ta zancen Mahomes, amma ƙartin gaba ne za su raba gardama

Idan kana yawan leƙa TikTok ko X a 'yan kwanakin nan, da wuya ba ka ci karo da bidiyon wasu ƙarti sanye da hular kwano suna bangazar juna ba, ko na Taylor Swift tana tsalle a ɗakin manyan baƙi. Duk sharar fage ce ta Super Bowl karo na 59, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka ta NFL, wanda za a buga ranar Lahadi 9 ga Fabrairun 2025 a birnin New Orleans, tsakanin Kansas City Chiefs da Philadelphia Eagles. A agogonmu na Kano za a take wasan da ƙarfe 12:30 na dare, an riga an shiga Litinin ke nan. Lokacin gidajen kallon Gyaɗi-Gyaɗi sun daɗe da sallamar 'yan Firimiya, masu shayin Court Road ma sun fara haɗa kaya.

Don haka duk wanda zai hana idonsa barci cikin wannan sanyin, ya kamata ya san abin da zai kalla. Gajerun bidiyon da ake yaɗawa suna nuna maka mutum biyu ne kawai: mai jefa ƙwallo da mai cafewa. Amma wasan nan, ɗan'uwa, a wajen ƙartin da ke durƙushe a gaba ake cin sa, waɗanda ba wanda ke sa hotonsu a sitatus.

Dokar wasan a taƙaice

Idan ka taɓa yin langa a unguwa, ka riga ka fahimci rabin wasan. Akwai ruwa, akwai masu kare shi, akwai kuma masu neman kayar da shi kafin ya sha. Haka abin yake a nan. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, yadin nan dai da ka sani na awon shadda a Kantin Kwari. In sun ci, a sabunta musu dama huɗu. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya yi tacdawun, maki 6, sannan a ba shi bugun ƙari na maki 1. Wanda ya ga ba zai kai ba yana iya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin turaku, maki 3. Kwatabak shi ne jagoran masu kai hari, shi ke karɓar ƙwallo ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu. Mutum biyar ne ke tsaya masa katanga a gaba. Ana buga zango huɗu na minti 15, amma da tsaye-tsaye da tallace-tallace da wasan da Kendrick Lamar zai yi a hutun rabin lokaci, sai wajen ƙarfe 4 na asuba za a tashi.

Me ake nema?

Chiefs na neman abin da ba a taɓa yi ba: cin Super Bowl sau uku a jere. Sun ci a Fabrairun 2023, sun sake ci a 2024 a kan San Francisco 49ers da 25-22. Wa suka doke a 2023 ɗin? Eagles ɗin nan dai, da 38-35, da bugun ƙafar Harrison Butker saura daƙiƙa takwas a tashi. Ka ga ke nan akwai tsohon bashi. Ga kuma kocin Chiefs, Andy Reid, wanda ya shafe shekara 14 yana horar da Eagles, daga 1999 zuwa 2012, bai ci musu kofi ba, sai da ya koma Kansas City ya ci uku.

A bana Chiefs sun ci wasa 15 sun sha kashi a 2, Eagles sun ci 14 sun sha kashi a 3. A wasan kusa da ƙarshe Chiefs sun sha da ƙyar a hannun Buffalo Bills da 32-29, su kuwa Eagles suka yi wa Washington Commanders kaca-kaca da 55-23.

Karawa ta farko: katangar Mahomes da maharan Eagles

Patrick Mahomes shekararsa 29, kofinsa uku, kuma a duk ukun shi aka zaɓa gwarzon wasa. Ba a gardama a kan iyawarsa. Matsalar tana gefen hagunsa. Mai tsaron ƙarshen katanga ta hagu shi ke kare bayan kwatabak, ɓangaren da ba ya gani idan ya juya zai yi jifa. A wannan gurbin Chiefs sun gwada mutum uku a bana, Kingsley Suamataia da Wanya Morris da D.J. Humphries, abin bai yi ba. Daga ƙarshe suka ɗauko Joe Thuney daga gurbinsa na ciki suka kai shi can. Thuney gwani ne, amma an toshe wata ɓaraka ne aka buɗe wata, domin gurbin da ya bari Mike Caliendo ne a ciki, wanda bai kai shi gogewa ba. An kayar da Mahomes da ƙwallo a hannu sau 36 a bana, bai taɓa shan ƙasa haka a kaka ɗaya ba.

Wa ke jiran su? Jalen Carter da Milton Williams a tsakiya, Josh Sweat da Nolan Smith a gefe. Mai tsara tsaron Eagles, dattijo Vic Fangio, ba ya son tura mutane da yawa farautar kwatabak. Yakan saki huɗu kawai, ya bar bakwai a baya su toshe hanyoyin jifa. Lissafin mai sauƙi ne. In huɗun nan suka isa ga Mahomes da kansu, zai ɗaga kai ya ga kowane mai cafewa da mai gadinsa. In suka kasa, dole Fangio ya ƙara mutum, kuma Mahomes ya ƙware wajen hukunta duk wanda ya bar gibi a baya.

Tarihi ya nuna fuska biyun. A Super Bowl na 2021, Tampa Bay ta samu katangar Chiefs a raunane, Mahomes ya kwana yana gudun ceton rai, aka tashi 31-9. A na 2023 kuwa, Eagles sun zo da tarihin kayar da kwatabak sau 70 a kakar, amma ko sau ɗaya ba su kai Mahomes ƙasa ba, suka rasa kofin. Wannan karawar ita ce uwar wasan.

Karawa ta biyu: Saquon Barkley da Chris Jones

Babban abin da ya bambanta Eagles ta bana da ta 2023 shi ne Saquon Barkley. New York Giants suka bar shi ya tafi a Maris ɗin 2024, ya zo Philadelphia ya yi gudun yadi 2,005 da ƙwallo, mutum na tara a tarihi da ya haura 2,000. A wasan Los Angeles Rams, cikin dusar ƙanƙara, ya ci yadi 205. A na Commanders, taɓa ƙwallonsa na farko ya zura yadi 60 har gida. Yadi 30 kawai ya rage masa ya karya tarihin da Terrell Davis ya kafa a kakar 1998. Ranar wasan ma ita ce ranar da zai cika shekara 28.

Amma ka sake kallon bidiyon nasa da kyau. Sau da yawa sai ya yi nisa kafin wani ya taɓa ko rigarsa, saboda Lane Johnson da Jordan Mailata da Landon Dickerson da sauran ƙartin sun riga sun share masa hanya. Ruwa ba ya sha sai masu kare shi sun yi aikinsu.

A ɗaya ɓangaren akwai Chris Jones, ginshiƙin tsaron Chiefs, wanda sau da yawa sai mutum biyu ke iya tare shi, da Nick Bolton a bayansa. Mai tsara musu tsaro, Steve Spagnuolo, ya ci Super Bowl huɗu a wannan matsayin, kuma shi kishiyar Fangio ne: yana son turo mahari daga inda ba a zata ba. Abin da ake sa ran zai yi shi ne ya cika gaba da mutane, ya ce wa Eagles, to ku jefa mu gani.

Karawa ta uku: idan aka tilasta wa Hurts jifa

Nan ne Jalen Hurts zai amsa tambaya. A 2023 ya yi wasan da ba a manta ba, ya shiga gida da ƙafarsa sau uku, amma ƙwallo ɗaya da ta suɓuce masa Bolton ya tsinta ya kai gida, kuma tazarar maki 3 aka tashi da ita. A bana sukar da ake masa ita ce yana daɗewa da ƙwallo a hannu. In Spagnuolo ya tara mutane don tare Barkley, A.J. Brown da DeVonta Smith za su samu kansu ɗaya da ɗaya da masu gadinsu. Trent McDuffie zai iya riƙe ɗaya. Ɗayan fa? Hurts na da daƙiƙa biyu zuwa uku ya gano shi.

Ka kuma sa ido a duk lokacin da ya rage wa Eagles yadi ɗaya. Sukan dunƙule wuri guda, 'yan baya su tura Hurts ta kan tarin mutane, kamar masu tura mota a Titin Zariya. Kowa ya san abin da za su yi, amma hana su ya gagara.

Ta ɓangaren Chiefs, abokin sirrin Mahomes shi ne Travis Kelce. Shekara 35, ƙafa ta fara nauyi, amma a wasan Houston Texans ya cafe ƙwallon yadi 117. Tsakiyar fili yake farauta, kuma Eagles sun rasa Nakobe Dean a wannan yankin saboda raunin gwiwa. Nauyin ya koma kan Zack Baun, wanda ya yi shekara huɗu a New Orleans Saints ba a san da zamansa ba, ya zo Eagles ya shiga jerin gwanayen shekara. A filin tsohuwar ƙungiyar tasa za a buga wasan.

Idan aka kai ƙarshe kunnen doki fa?

Ga abin da ke tsorata magoya bayan Eagles. A bana Chiefs sun buga wasa 11 da aka tashi da tazarar maki 8 ko ƙasa da haka, sun cinye duka 11. Wasu a X suna cewa alƙalai ne ke taimaka musu, wasu su ce sa'a ce. Ka tuna yadda ake faɗa a kan Real Madrid a gasar Zakarun Turai, to irinsa ne. Sa'a na iya ba ka wasa biyu ko uku, amma 11 ya wuce sa'a. Mutanen nan ba sa rikicewa idan agogo ya matse, kuma da Mahomes ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Namu na ciki

Ba baƙi ne zalla a filin ba. A Eagles akwai Moro Ojomo, haifaffen Legas, yana cikin ƙartin da za su farauci Mahomes. A Chiefs akwai Charles Omenihu da Felix Anudike-Uzomah, iyayensu 'yan Najeriya ne, su kuma Hurts za su farauta. Duk a layin gaba suke, wajen da muka ce a sa ido. Tun kafin su, Christian Okoye ɗan Inugu ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL a 1989, a rigar Chiefs.

Labarin da ya fi dacewa da kai shi ne na Mailata. Ɗan Ostireliya ne, ɗan wasan rugbi, mai nauyin sama da kilo 160. Bai taɓa buga wasan ƙwallon Amurka ko ɗaya ba lokacin da Eagles suka ɗauke shi a 2018, ta hanyar shirin NFL na zaƙulo 'yan wasa daga ƙasashen waje. Yau yana cikin gwanayen gurbinsa. Irin wannan ƙofar ce tsohon ɗan wasa Osi Umenyiora yake ƙoƙarin buɗe wa matasan Afirka, har NFL ta kawo sansanin gwaji Legas a Yunin 2024. Kuma nau'in wasan da ba a kayar da juna, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugu, zai shiga gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Ƙaton yaron nan na Tarauni da ake cewa jikinsa ya yi wa tamaula yawa, ko ɗan kokawar da ba shi da inda zai kai ƙarfinsa, akwai wasan da irin jikinsu ake nema ruwa a jallo. Hanyar na da tsawo, kaɗan ne ke kaiwa, amma ya kamata a san tana nan.

To wa zai ci?

A gurbi-gurbi Eagles sun fi ƙarfi, tsaronsu ne ya fi na kowa hana cin yadi a bana, kuma layukansu biyu na gaba sun fi na Chiefs. Saboda haka na karkata gare su, amma da sharaɗi: su ba da tazara tun da wuri. In aka shiga minti biyar na ƙarshe ana kusa da juna, ƙwallo na hannun Mahomes, to tarihi na gefen Chiefs.

Ga yadda za ka gane inda aka dosa tun a zangon farko. Duk lokacin da Chiefs ke da ƙwallo, ka ɗauke idonka daga kanta, ka kalli gefen hagun Mahomes, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku. In ya kai uku yana tsaye daram, Eagles na cikin matsala. In kafin uku ya fara zillewa alhali mutum huɗu kawai ke bin sa, kana iya zuwa ka kwanta da wuri, Litinin ce, akwai lakca da kasuwa.

Kai wa kake gani zai ɗaga kofin? Rubuto mana dalilinka, ba sunan gwaninka kawai ba.