Aikin kwamfuta a wuyan riga: zaɓi ya yi yawa, inganci fa?

Jama'a masu saurarenmu, na gida da na Abijan, Akara da Legas, da Salla ko biki ya matso kun san abin da ke yawo a WhatsApp: hotunan aikin wuyan riga. Ɗan'uwa ya zaɓi zane daga can, ya turo kuɗi, tela a Bonkuku ko Filinge ya yanka shadda, a aika ta Yamai, wani lokaci har Kano, wurin masu keken kwamfuta.

Ga yadda abin yake. Akwai manhaja irin su Wilcom da ke mayar da zane ya zama umarnin allura: inda za ta soka, sau nawa, da wane zare. Keke, ko Tajima na Japan ko ɗan Caina, sai ya bi. Kana son sunanka a aljihu? Minti kaɗan ne. Aikin da mai surfani ke kwashe makonni a kai, yini guda ya ishe shi.

To amma kwamfuta ba ta san shadda ba. Zanen da aka tsara don Getzner mai kauri, in aka ɗora shi a kan yadi mai laushi, wuyan ya tattare. Kuma a cikin manhajar nan ake rage yawan sukar allura don aiki ya yi sauri, musamman daren Salla ko ranar da wuta ke ɗaukewa. A hoto ba a ganewa. Sai an yi wanki biyu zare ya fara buɗewa.

Manyan kamfanoni sun san wannan. Nike na barin mai saye ya zaɓi launin takalminsa a intanet, amma cikin abin da kamfanin ya riga ya ware kawai. Mu nan ba haka ba ne, duk abin da ka turo cewa ake “ba matsala”.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ke ɗaukar asara. Mai keke yana Yamai, mai kuɗi yana Abijan, tela na ƙauye ne ake tsayawa a ƙofarsa, alhali bai taɓa zaren ba. Shawararmu ga teloli: ku nemi a gwada zanen a kan ƙyallen shaddar kafin a taɓa riga, ku tura wa mai kaya hotonsa gaba da baya, ya ce ya yarda tukuna.