Waiwaye: Inda Kawu Ya Ce a Ɗaura Kyamara

Tun Lafiya tana ƙarƙashin Jihar Filato, kafin a yanke Nasarawa a 1996, nake bin kawuna daji da rani, ta hanyar Shendam. Shi ke riƙe da adaka, ni gorar ruwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga tafiye-tafiyen nan shi ne durƙusonsa. Sai ya tsuguna a bakin rafin da ya janye, ya sa yatsa cikin sawu, ya murza kashin dabba ya ji ko da sauran danshi, ya ce, "Gada ce, da asuba ta sha ruwa." Idan sawun ya fi girma kuma ya shige kurmi, ya ce mazo ne.

Bara ɗan yayata, mai karatun gandun daji, ya zo da kyamarar da ake ɗaurawa a jikin bishiya, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan ta ji motsi da ɗumin jiki. Ya ɗaura ta daidai ƙirjinsa, a fili mai kyan gani, tana kallon gabas. Bayan mako biyu ya dawo da tulin hotuna: ciyawa tana kaɗawa, hasken hantsi ya wanke rabinsu, sai shanun Fulani.

Muka kai wa Kawu, wanda yanzu da sanda yake tafiya. Ko taɓa na'urar bai yi ba. Ya ce, "Yaro, dabba ba ta yawon banza. Ciki da ƙishirwa ke tuƙa ta." Ya lissafa masa wuraren da shi yake kwanto a da: mashayar da ba ta ƙafewa, gindin kanya ko ɗinya lokacin da 'ya'ya ke zuba, mahaɗar turba biyu, da ƙasa mai gishiri da dabbobi ke lasa, irin wadda ba a rasa ba a yankin Awe da Keana. Ya ce a sauko da ita daidai gwiwa, don gada gajera ce. A juya ta kudu ko arewa saboda rana, a share ciyawar gabanta, a karkata ta tana bin tsawon turba. Kuma kada ya riƙa zarya, warin mutum yana daɗewa a wuri.

Da aka bi maganarsa, sai ga mazo tsaye a bakin ruwa da tsakar dare, fararen zanen jikinsa raɗau. Kawu ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce a mashaya irin wannan, a da, kafin gari ya waye yakan ƙirga mazo biyar.

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Gonaki sun ci daji, masu gawayi sun kwantar da itatuwa, gobarar rani tana ƙarasa saura, kuma mu mafarauta muna da namu kason laifi. A Yankari da Gashaka-Gumti da irin wannan kyamara ake gane abin da ya rage. Ga dajin Pandam kusa da mu, mu ma za mu iya yin haka.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ma'aikatan gandun daji, ina roƙonku: kafin ku ɗaura kyamara ko ɗaya, ku nemi tsofaffin maharba, ku zauna da su, ku rubuta mashayun da suka sani tun suna da rai.