Barewa ta kowa ce, amma ƙofar dajin da kwaɗo

Jama'a ku matso, yau ba zancen siyasar gida zan yi ba. Maganar farautar barewa ce a jihar Texas ta Amurka, inda nake karatu, da yadda abin da talakan ƙauye ya gada kaka da kakanni yake komawa wasan masu hannu da shuni. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri 🧵

Abokin ɗakina a makaranta ɗan wani ƙaramin gari ne, babansa bakanike. Bara da hutun ƙarshen Nuwamba suka gayyace ni gida, har suka tafi da ni daji. Ƙarfe huɗu na asuba, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, muka hau wani akurkin katako mai dogayen ƙafafu muka yi tsit kusan awa uku.

Ni dai ɗan kallo ne, filas ɗin shayi kawai aka ba ni in riƙe. Gari na wayewa dattijon ya harbi namiji guda. Yadda ya feɗe ta cikin natsuwa, bai zubar da komai ba, sai ya tuna mini da mahautan unguwarmu ranar Babbar Sallah. Naman nan shi iyalin suka ci har bazara.

Bana da Nuwamba ta matso na ce wa abokina, “To yaushe za mu?” Ya ce, “Babu zuwa bana.” Mai filin da suke haya ya ɗaga kuɗi daga dala 1,400 zuwa 3,500 a kan kowane maharbi, don wasu 'yan kasuwa daga Houston sun ce za su kama wurin gaba ɗaya.

Shekara 19 dattijon nan yana biyan haya a filin. Shi ke gyara shingen da ya faɗi, shi ke duba famfon ruwan dabbobi, sau nawa ya gyara wa mai filin tarakta kyauta. Kiran waya ɗaya, shi ke nan. Ku buga dala 3,500 a naira da kanku, ni ba na son hawan jini.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne doka. A Amurka namun daji ba na mai gona ba ne. Barewar da ke kiwo a filinka ta jama'ar jiha ce baki ɗaya, gwamnati ce ke riƙe da amanarta. Ita ke sa lokacin farauta, ita ke faɗin guda nawa za ka harba, ita ke ba da lasisi.

Kuma da gangan suka tsara haka, don sun ga abin da ya faru a Ingila. Can barewa ta sarki ce da manyan masu ƙasa. A 1723 har doka aka yi wadda mutum zai iya shan rataya idan aka kama shi ya ɓad da kama, da makami, yana farautar barewa a gandun wani babba. Amurkawa suna alfahari cewa su sun tsere wa wannan.

To a takarda sun tsere. Lasisin farauta na ɗan jiha a Texas dala 25 ne kacal, wanda ba ɗan jiha ba 315. Barewa mai farar wutsiya kuwa ta kai kusan miliyan 5 a jihar. Ga lasisi da araha, ga nama birjik. Sai dai ina za ka tsaya ka yi harbin?

Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar Texas mallakar mutane ce, mai shinge da ƙofa da kwaɗo. Dalili yana cikin tarihi: da Texas ta shiga tarayyar Amurka a 1845, ta riƙe filayenta ba ta miƙa wa gwamnatin tarayya ba, daga baya ta yi ta sayarwa tana rabarwa.

Misali ɗaya ya isa. Ginin majalisar jiha da ke Austin, da ƙasa aka biya 'yan kwangilarsa: eka miliyan 3. Eh, miliyan uku, ba kuskuren rubutu ba ne. Shi ya sa jihohi irin su Idaho da Nevada ke da makeken dajin gwamnati da kowa zai shiga, Texas kuwa sai ɗan tsirit.

Saboda haka mai fili ba ya sayar maka da barewa, ai ba tasa ba ce. Izinin taka ƙasarsa yake sayar maka. Wayo ke nan. Kamar a ce ruwan rijiya na gari ne, amma wani ya katange hanyar ya zauna a bakin ƙofa da faranti. Bai sayar da ruwa ba fa, ko kusa.

Kuma haya somin taɓi ce. Akwai bindiga da madubin saiti, harsashi, akurkin ɓuya, injin da ke watsa wa barewa masara safe da yamma, buhunan masarar kansu, kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya, man mota na zuwa da dawowa, da ladan mai sarrafa nama idan ba ka iya da kanka ba.

Mun zauna da abokina mun yi lissafi a bayan takardar lakca. Barewar yankinsu ba ta cika wuce kilo 20 na tsoka ba. Ka ce ka yi sa'a ka samu biyu, kilo 40. Raba 3,500 da 40: kusan dala 88 kowane kilo, tun ba a sa sauran kashe-kashen ba. Naman sa na kanti bai kama ƙafar wannan ba.

Ma'ana, wanda yake farauta don ya cika firiza ya ciyar da yara, lissafi ya riga ya kore shi. Wanda ya rage shi ne mai neman ƙaho ya rataye a falo, da kamfanin da ke kai abokan hulɗarsa daji a yi ciniki a bakin wuta.

Ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Wajen 1900 barewar nan ta kusa ƙarewa a Amurka saboda farautar kasuwa da sare dazuka, ana ƙiyasin ba ta wuce rabin miliyan ba. Yau ana maganar kusan miliyan 30. Wa ya biya kuɗin dawo da ita?

Kaso mai tsoka daga aljihun maharba ya fito. Kuɗin lasisi, da dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ke karkatar da harajin kashi 11 cikin 100 na bindigar farauta da harsashi zuwa hukumomin kula da namun daji na jihohi. Duk kwalin harsashin da bakaniken nan ya saya tun yana saurayi, ya zuba nasa.

Yanzu barewa ta yi yawa, ta zama kadara, sai aka ce masa wurin ya fi ƙarfinka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san wani zai ce, “Malam, filin mutum ne fa, ya yi yadda ya ga dama.” Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu zagin masu fili. Da yawansu ba attajirai ba ne, makiyaya ne da fari ke ci wa shanu, ga haraji, ga tsoron wani ya ji rauni a filinka ya maka ka kotu.

Akwai wuraren da kuɗin maharba ne ke hana iyali sayar da gonar gado a yanka ta fuloti-fuloti. Tun 1995 ma dokar Texas ta yarda wanda filinsa ke da rangwamen harajin noma ya ci gaba da samunsa idan ya koma kula da namun daji. Wannan ya ceci daji da yawa, ban musa ba.

Amma a tsaya a nan: mai fili yana karɓar kuɗi a kan abin da ba nasa ba, yana samun sauƙin haraji daga jama'a don ya kula da abin, sannan jama'ar ba su da ko ƙafa ɗaya a ciki. A ganina wanda ya ci rangwamen jama'a, jama'a na bin sa wani abu, ko da kwana biyu ne a shekara ga yara masu koyo.

Sai kuma masu dogon shinge, wannan kam ban da uzurin da zan ba su. Waya mai tsawon ƙafa 8 suke zagaye fili da ita yadda barewa ba ta iya tsallakewa. Dabbar da doka ta ce ta kowa ce, an kulle ta a gidan mutum ɗaya. Maƙwabci mai eka 50 sai dai ya leƙa ta waya.

Wasu har kiwonta suke a garke, suna zaɓen iri don ƙaho ya yi girma, a saki namijin a fili mai shinge, baƙo ya biya dubban daloli ya harbe. Wai farauta. Ni a garinmu wannan sunansa yanka rago. Kuma a irin garken nan aka gano cutar nan mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, CWD, a Texas a 2015.

Don adalci, gwamnatin jihar ba ta naɗe hannu ba. Akwai izinin shekara na dala 48 da ke buɗe maka kusan eka miliyan 1 na filayen farautar jama'a, akwai kuma wuraren da ake shiga ta hanyar ƙuri'a. Eka miliyan ɗaya da jin ta ka ce da yawa, sai ka tuna girman Texas da yawan maharbanta.

Abokina ya taɓa gwada dajin gwamnati na Sam Houston, arewa da Houston, ranar buɗe farauta. Ya ce motoci a bakin hanya kamar tasha, duk inda ya juya sai ya hango rigar lemo ta wani maharbin. Ya dawo hannu rabbana, yana godiya da ba a harbe shi ba.

Kada ku ɗauka inda dajin gwamnati ke da yawa an huta. A jihar Wyoming akwai yankunan da aka raba ƙasa kamar tayil mai baƙi da fari: murabba'i ɗaya na gwamnati, na kusa da shi na mutum. Tun zamanin shimfiɗa layin dogo a shekarun 1860 aka yi rabon haka.

Murabba'an gwamnati biyu a kusurwa kaɗai suke haɗuwa. A 2021 wasu maharba huɗu daga Missouri suka kafa tsani a daidai kusurwar a Elk Mountain, suka tsallaka daga filin jama'a zuwa filin jama'a, ƙafarsu ba ta taɓa ƙasar kowa ba.

Attajirin da ke da filayen gefe ya kai su ƙara, wai sun keta sararin iskar da ke saman ƙasarsa, har yana cewa darajar gandunsa ta faɗi da miliyoyin daloli. Ku lura da wannan: shi da bakinsa ya nuna cewa toshe wa jama'a dajinsu yana cikin abin da ke sa wa gandun tsada.

A watan Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba maharban gaskiya, ta dogara da wata doka ta 1885 da ta hana katange filin jama'a. Na ji daɗi, amma ku duba: shekara huɗu ana shari'a kafin talaka ya samu izinin ɗaga ƙafa ya shiga abin da yake nasa.

Akwai mafitar da ba ta ƙwace wa kowa fili. Jihar Kansas tun 1995 take biyan manoma da kuɗin lasisi da harajin nan na bindiga, su buɗe gonakinsu kowa ya shiga da ƙafa ya yi farauta, ba sai ya nemi izini ba. Filin da ke cikin shirin ya haura eka miliyan 1. Montana ma tana da irinsa. Manomi ya samu, bakanike ya samu.

Kar a ce ina kiran a buɗe daji kowa ya yi yadda ya so. Kakana maharbi ne a ƙauyenmu can Katsina, bai taɓa biyan sisi don shiga daji ba, da rani gari guda ke fita da karnuka da kiɗa. Yau je ka nemo barewa ɗaya a wajen. Dajin ya zama gona, wanda ya rage kuma kun san su wa ke ciki.

Don haka lasisi, da ƙayyade lokaci, da ƙayyade adadi, duk ina goyon baya, su suka dawo wa Amurka da barewarta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tacewar ta koma ta aljihu. Ƙa'ida tana rage harbi a kan kowa daidai. Tsada kuwa mutum iri ɗaya kawai take cirewa.

Kuma wanda aka cire ba shi kaɗai ke tafiya ba. Mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to farauta ma a bayan uba ake koyonta. Ƙanen abokina shekararsa 12, bana ne aka yi masa alkawarin harbinsa na farko. Idan irinsa suka daina sayen lasisi, asusun kula da dajin ne zai rame.

Jiya na kira dattijon mu gaisa. Na ce, “Baba, to yanzu ya za a yi?” Ya yi dariya ya ce ya cike takardar ƙuri'a a wurare uku, ya kuma ji labarin wani fili mai araha, tafiyar awa shida, amma an ce aladun daji sun fi barewa yawa a ciki. Ranar Asabar zai je ya gani da idonsa. Ya ce idan ina so in zo in riƙe filas.